A Bayan Zango: Tarihin Kuturta a Ƙasarmu da Kafarar Laifin da Jama'a Suka Yi Cikin Rashin Sani



Akwai wani sashe na Littafi Mai Tsarki da ba kasafai ake buɗe shi a taron zumunta ba, domin cike yake da zancen bijimi da jini da kitse da bagade. Shi ne Littafin Firistoci, sura 4. Daga aya ta 13 zuwa ta 21 an yi tanadi domin wani irin laifi mai wuyar ganewa, wato laifin da dukan jama'a suka yi tare, ba wanda ya yi nufin mugunta, ba kuma wanda ya lura a lokacin da ake yin sa. Littafin Ƙidaya 15:22-26 ya sake kawo wannan magana. Muna so mu ajiye wannan koyarwa kusa da wani tarihi na gida: yadda aka zauna da masu cutar kuturta a ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Tarihin bai ƙare ba tukuna, domin har yau akwai auren da yake rushewa saboda shi, akwai kuma mutanen da suke ɓoye tabon fatarsu har cuta ta nakasa su.

Abin da Doka ta tanada

Ga yadda tsarin yake. Idan taron Isra'ila gaba ɗaya suka ƙetare umarnin Ubangiji ba da saninsu ba, daga baya kuma abin ya fito fili, sai su kawo ɗan bijimi ƙofar alfarwa ta sujada. Dattawan jama'a su ɗora hannuwansu a kansa, a yanka shi. Firist ya shiga da jinin, ya yayyafa sau bakwai a gaban labule, ya shafa a zankayen bagade, ya ƙone kitsen. Ragowar bijimin kuwa a fitar da shi bayan zango a ƙone. Da haka firist zai yi kafara dominsu, a gafarta musu. Littafin Ƙidaya ya ƙara da cewa gafarar za ta haɗa har da baƙon da yake zaune a cikinsu, tun da kowa yana cikin kuskuren. Ya kuma bambanta wannan da zunubin wanda ya yi da gangan, yana sane, yana taƙama.

Abubuwa uku suka fito a nan. Na ɗaya, jama'a za su iya yin ɓarna tare, kowa yana ganin daidai yake yi. Na biyu, rashin sani yana sauƙaƙa hukunci, amma ɓarnar tana nan inda take, sai an gyara. Na uku, akwai ranar da abin zai bayyana, daga ranar kuwa nauyi ya hau kan jama'a. Dattawan da suke ɗora hannu a kan bijimin wataƙila ba su ne suka fara kuskuren ba, amma su ne suke tsayawa a madadin kowa. Ba su ce a nemo mai laifi ba.

Yadda aka zauna da kutare a ƙasar Hausa

Gaskiya ta wajaba a kan kakanninmu kamar yadda ta wajaba a kan kowa. A ƙasar Hausa ba a saba korar mai kuturta zuwa daji a bar shi ya mutu ba, kamar yadda aka yi a wasu wurare. Yana zaune cikin gari ko a gefensa, yana shiga kasuwa, ana ba shi sadaka. A manyan garuruwa kutare suna da sarkinsu, Sarkin Kutare, wanda yake sasanta su, yake kuma magana da hukuma a madadinsu. Har karin magana ta ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa.

Sai dai wannan zama yana da iyaka wadda kowa ya sani ba tare da an faɗa ba. Kwanonsa daban, moɗarsa daban, tabarmarsa daban. Sana'ar da aka bar masa ita ce bara. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar aure. An ɗauka cutar gado ce, tana bin jini, don haka idan aka tashi binciken asali kafin a ba da 'ya ko a karɓa, da zarar an ji cewa an taɓa yin kuturu a gidan, sai magana ta mutu. Wasu sun danganta ta da cin naman akuya, wasu da sammu, wasu da iskoki, har a cikin bori akwai iskan da ake kira Kuturu. Musulmi da Maguzawa, da Kirista bayan zuwan bishara, duk sun sha daga wannan rijiya ɗaya.

Uwar da ta ware wa ɗanta kwano ba ƙiyayya ce ta sa ta ba. Tana tsoron kada sauran 'ya'yanta su kamu. Uban da ya hana 'yarsa auren jikan kuturu yana ganin zuriyarsa yake karewa. Ba wanda ya zauna ya shirya zalunci. Amma idan aka tara waɗannan ƙananan tsare-tsare na gida-gida, shekara da shekaru, sai a ga an yi wa dubban mutane katanga wadda ba su da hanyar tsallakewa, su da 'ya'yansu da jikokinsu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A cikin wannan duhu aka taka mutane da yawa, masu takawar kuma ba su san sun taka ba.

Daga Sumaila zuwa Yadakunya

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen sarakuna. Majami'un da aka gina a Kano a Sabon Gari suke, yawancin masu sujada a cikinsu kuwa baƙi ne daga kudu. Cutar kuturta ce ta buɗe ƙofar da aka rufe. A shekarun 1930 hukumomin En'e sun kafa sansanonin kutare, amma ba su da isassun likitoci da masu jinya. A 1937 aka danƙa wa mishan ta SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta, kula da sansanonin lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato yana Amanawa. A ƙasar Kano an zaunar da marasa lafiya a Sumaila, nan kudancin Kano, sa'an nan Yadakunya, kusa da birni, ta zama babbar cibiya. Gundumomin Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin En'e ta Kano a lokacin, saboda haka wannan ita ce hanyar da take gaban mai kuturta daga yankinmu idan yana neman maganin asibiti. Daga baya, a 1956, aka buɗe irin wannan wuri a Danja kusa da Maraɗi.

Ku dubi sunan nan da kyau: Yadakunya. A yar da kunya. Sunan kansa ya nuna abin da mara lafiya yake ɗauke da shi ban da ciwon jikinsa.

Maganin wancan zamani wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya, ana yin allurarsa a fata, da zafi ƙwarai, amfaninsa kuwa kaɗan ne. Mutum yakan yi shekaru a sansani. A can yake noma, a can yake koyon karatu da rubutu, wasu a can suka yi aure. Waɗansu kuma a can suka ji bishara, suka ba da gaskiya. Wannan wuri ne da ya kamata matasan ikilisiya su tsaya su yi tunani. Cikin Hausawan farko da suka bi Almasihu a ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato, da yawa daga sansanonin kutare suka fito. Da aka sallame su, wasunsu suka zama masu ba da magani a ƙauyuka, wasu malaman makaranta, wasu masu bishara. Hannuwan da mutane suke ƙin gaisawa da su suna cikin waɗanda suka fara ɗaukar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, zuwa garuruwan da ba a yarda Bature ɗan mishan ya yi wa'azi ba. Ko mu Katolika ne ko ECWA ko Anglikan, duk wanda yake yi wa Yesu waƙa da Hausa a wannan ƙasa yana da bashin waɗannan mutane a wuyansa.

A ɓangaren Katolika, babban aikin kuturta a Nijeriya a Ogoja aka yi shi, daga 1945, a hannun sistocin ƙungiyar jinya da Uwa Mary Martin ta kafa a 1937.

Sansanonin nan sun ceci rayuka, amma su ma suna da nasu rabo cikin kuskuren zamaninsu. A wurare da yawa a duniya, har da Nijeriya, ana raba jariri da uwarsa mai kuturta a kai shi gidan reno domin kada ya kamu. Masu yin haka da ƙauna suka yi, bisa ga ilimin da suke da shi. Duk da haka uwa ta rasa goyon ɗanta, ɗa ya tashi bai san bayan uwarsa ba. Kuma tara marasa lafiya wuri guda nesa da gari ya ƙara tabbatar wa jama'a abin da suke zato tun da, cewa waɗannan mutane ba na zama cikin mutane ba ne.

Ranar da abin ya bayyana

Haske bai zo dare ɗaya ba. A 1873 wani likita a birnin Bergen na ƙasar Norwe, Gerhard Armauer Hansen, ya gano ƙwayar cutar da take kawo kuturta. Daga ranar maganar gado da la'ana ta rasa gindi. A 1941 aka fara gwada sabon magani a Carville ta Amurka. A ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli nan Nijeriya, likita John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dafson, mai araha, wadda ake haɗiya, tana warkar da cutar. A shekarun 1950 Jihar Arewa ta baza ƙananan wuraren shan magani a ƙauyuka, mutum ya zo ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa, ba sai ya bar gida ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, daga 1995 kuma ake ba da su kyauta ko'ina a duniya. A 1998 Nijeriya ta kai matakin da cutar ta sauka ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu goma.

Ga abin da aka tabbatar. Kuturta ba ta bin jini. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana da ƙarfin da ba za su kamu ba ko sun haɗu da ƙwayar. Tana yaɗuwa ta ɗigon hanci da baki, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba. Ba a ɗaukar ta ta musafaha ko zama a benci ɗaya. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Wata shida ko wata goma sha biyu ake shan maganin, gwargwadon irin cutar, a warke sarai. Yatsun da suke guntulewa kuwa, cutar tana kashe jijiyoyin ji ne, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba, miki ya yi ta ci. Dattijon da muke gani da dungu a bakin kasuwa, mai yiwuwa ya warke tun kafin a haifi yawancinmu. Tabo ne ya rage masa.

Akwai kuma abin da masana Littafi Mai Tsarki suka fayyace. Kalmar Ibrananci da aka fassara da kuturta a Littafin Firistoci 13 da 14 ta ƙunshi cututtukan fata iri-iri, har da tabon da yake fitowa a tufafi da bangon ɗaki. Ba daidai take da cutar da Hansen ya gano ba. Wato an ɗauki dokar tsarki ta zangon Isra'ila an ɗora wa mutanen da ba dominsu aka rubuta ta ba.

Abin da Ikilisiya ta yi da nata tarihin

Ikilisiyar Katolika ta daɗe da wannan al'amari, da kyakkyawa da akasinsa. A 1179 Majalisar Lateran ta Uku ta ce a bar kutare su sami majami'arsu da makabartarsu da firist nasu. Jinƙai aka nufa, domin kada su rasa sakramenti, amma dokar ta amince da cewa ba za su yi sujada tare da sauran jama'a ba. Ba da daɗewa ba Faransis na Assisi, ɗan attajiri mai ƙyamar kutare, ya sami tubarsa ta wurin shiga cikinsu yana yi musu hidima. A 1873, shekarar da Hansen ya ga ƙwayar cutar, Fada Damiyan ɗan ƙasar Beljiyam ya sauka a tsibirin Molokai na Hawai, inda hukuma take jibge masu kuturta. Ya gina musu gidaje, ya wanke miyakunsu, ya haƙa kaburburansu, ya ci abinci tare da su. Ya kamu da cutar, ya rasu a 1889. Paparoma Benedict na 16 ya sa shi cikin waliyyai a 2009. Dokar ware marasa lafiya a Hawai kuwa ba a soke ta ba sai 1969, shekaru da yawa bayan an sami magani. Japan ta riƙe tata har 1996, a 2001 kuma gwamnatinta ta nemi gafarar waɗanda aka tsare. A ko'ina tsoro yakan daɗe bayan dalilinsa ya mutu.

A ranar 12 ga Maris 2000, Lahadin farko na Azumi, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yi abin da ya yi kama da na dattawan Isra'ila a ƙofar alfarwa. A majami'ar Waliyyi Bitrus a Roma ya jagoranci roƙon gafara domin zunuban da 'ya'yan Ikilisiya suka yi cikin tarihi. Manyan shugabanni bakwai suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ambaci wani irin laifi, aka kunna fitila. Biyu daga cikinsu 'yan Afirka ta Yamma ne: Kadinal Bernardin Gantin na ƙasar Benin, da Kadinal Francis Arinze na Nijeriya, wanda ya ambaci laifofin da aka yi wa mutuncin mata da haɗin kan 'yan Adam. Ba ɗaya daga cikinsu da yake raye lokacin da aka yi yawancin abubuwan nan. Sun tsaya a madadin iyali ne. Bayan mako bakwai, ranar 30 ga Afrilu, Paparoman ya sa Sista Faustina Kowalska ta Folan cikin waliyyai, ya kuma sanar cewa Lahadi na biyu na Ista zai zama Lahadin Jinƙan Allah. Jerin ya dace: furci ya fara zuwa, shelar jinƙai ta biyo baya.

A watan Yuni 2016, cikin Shekarar Jinƙai, an yi taro a Vatikan a kan wannan cuta, tare da waɗanda suka warke daga gare ta da shugabannin addinai dabam-dabam. Cikin shawarwarin taron akwai cewa a daina amfani da kuturta a matsayin misalin mugun abu.

Laifi dabam, ɓarna dabam

To, kakanninmu sun yi zunubi ke nan? Katekisim na Ikilisiyar Katolika ya taimake mu a nan. A sakin layi na 1735 ya koyar cewa rashin sani da tsoro da al'ada suna iya rage alhakin mutum, har su ɗauke shi. A na 1793 ya ce idan mutum ba shi da wata hanyar sani, ba za a ɗora masa laifin ba, amma abin da ya faru mugun abu ne duk da haka, dole kuma a yi aikin gyara lamiri. A na 1791 ya yi kashedi cewa akwai rashin sanin da mutum yake da alhakinsa, wato idan bai damu ya nemi gaskiya ba. Paparoma Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa ta 1984 a kan sulhu da tuba, ya bayyana cewa abin da ake kira zunubin jama'a tarin zunuban mutane ne ɗai-ɗai, har da na waɗanda suke iya hana ɓarna amma suka yi shiru saboda tsoro ko kasala.

Saboda haka ba mu da ikon hukunta tsohuwar da ta ware kwano a 1920. Allah ne ya san zuciyarta, shi da Manzo Bulus ya ce ya yi masa jinƙai domin cikin jahilci ya tsananta wa Ikilisiya, kamar yadda yake a 1 Timoti 1:13. Bitrus ma, a Ayyukan Manzanni 3:17-19, ya shaida wa mutanen Urushalima cewa ya san cikin rashin sani suka yi abin da suka yi wa Yesu, nan take kuma ya kira su ga tuba. Bai ce tun da ba su sani ba magana ta wuce ba.

Amma uzurin 1920 ba ya aiki a yau. Wanda yake da waya a hannu, ya yi makarantar sakandare, yana da asibiti kusa, idan ya rushe auren ƙanwarsa domin kakan saurayin ya yi zama a Yadakunya, ya fita daga Littafin Firistoci 4:13, inda abin yake a ɓoye, ya shiga aya ta 14, inda ya riga ya bayyana. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Yana da sauƙi a ga duhun mutanen da, da wuya a ga wanda aka gada ake kuma riƙe da shi da rana tsaka.

A bayan zango

Akwai abubuwa biyu da Doka ta ce a fitar bayan zango. Ɗaya shi ne bijimin hadaya domin zunubi. Ɗayan kuma, bisa ga Littafin Firistoci 13:45-46, shi ne mai ciwon fata, da yagaggun tufafi, yana shelar ƙazantarsa da bakinsa, yana zaune shi kaɗai. Wurin kafara da wurin korarre wuri ɗaya ne.

A Markus 1:40-45 wani kuturu ya durƙusa a gaban Yesu. Ubangiji yana iya warkar da shi da kalma daga nesa, kamar yadda ya yi wa goman nan a Luka 17, amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ku lura da ƙarshen labarin. Mutumin ya shiga gari yana ba da labari, Yesu kuwa ya kasa shiga gari a fili, ya zauna a waje, a wuraren da ba kowa. Sun yi musayar wuri. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 13:11-13 ta ɗaure zancen: kamar yadda ake ƙone naman hadaya a bayan zango, haka Yesu ya sha wuya a bayan ƙofar birni domin ya tsarkake jama'a da jininsa, mu ma sai mu fita mu same shi a can, mu ɗauki wulakancin da ya ɗauka. A kan gicciyen nan ne ya roƙa wa masu kashe shi gafara, hujjar da ya kawo kuwa ita ce rashin saninsu.

Wannan shi ne jinƙan Allah. Ba mu bukatar bijimi, domin hadayar an miƙa ta sau ɗaya, ita ce kuma ake kawowa gabanmu a kowace Misa. Ta isa ta rufe abin da aka yi da sani da wanda aka yi ba da sani ba, na masu rai da na waɗanda suka riga mu. Amma wanda yake neman Mai Jinƙai, an gaya masa inda zai same shi.

Doka ma da kanta ba ta bar korarre a waje har abada ba. A sura 14 firist ne yake fita bayan zango ya duba shi. Idan ya warke, a kawo tsuntsaye biyu, a yanka ɗaya, a saki ɗaya ya tashi, mutumin ya wanke jikinsa ya komo, a rana ta takwas ya tsaya a gaban Ubangiji cikin jama'a. Dokar Musa ta yi hanyar dawowa. Al'adar da muka gada ba ta yi ba: wanda aka kira kuturu sau ɗaya, sunan yana bin sa har kabari, ya bi jikokinsa.

Kafarar da take gabanmu

Katekisim, a sakin layi na 1459, ya koyar cewa gafara tana ɗauke zunubi, amma wanda aka gafarta wa zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya gyara ɓarnar: ya mayar da abin da aka ƙwace, ya wanke sunan da aka ɓata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da yake hannun matasa a majami'unmu na Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukansu, da ko'ina cikin Dayosis na Kano.

Mu san alamun cutar, mu kuma sanar. Tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, ba a jin taɓawa a kansa, mutuwar ji a hannu ko ƙafa, raunin yatsu. Har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa kimanin 200,000 a duniya kowace shekara, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da ake samun su. Magani kyauta ne a ƙarƙashin shirin gwamnati na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda yake da jami'i a kowace ƙaramar hukuma. Wanda ya je da wuri ba zai rasa ko yatsa ɗaya ba. Kunya ce take sa a makara, kunyar kuwa jama'a ne suke ɗora ta. Raka mutum asibiti ba tare da an baza labarinsa ba aikin jinƙai ne.

Mu tsaya a kan gaskiya idan maganar aure ta taso. Da ladabi, a gaban iyaye da kawunnai, a iya faɗa cewa gwajin jini domin sikila yana da dalili, binciken kuturta a zuriya kuwa ba shi da shi. Idan magana ta yi nauyi, a nemi Fada ko katekis ko shugabannin Zumuntar Mata su sa baki.

Mu kula da harshenmu. A wa'azi da wasan kwaikwayo da waƙoƙin zumunta an saba kwatanta zunubi da kuturta. Mai yiwuwa a benci na uku akwai wanda kalmar take sukarsa kamar ƙaya. Mu bar zagi da ita, mu kira mutum da sunansa.

Mu miƙa hannu lokacin gaisuwar salama, mu ci a kwano ɗaya ranar biki. Mu je wurin dattawan da suka yi zaman sansani, idan sun yarda, mu zauna mu ji tarihinsu, domin tarihin Ikilisiya ne, masu riƙe da shi kuma suna ƙarewa. Kada mu mai da su abin ɗaukar hoto domin Facebook. Yawancin waɗanda cutar ta taɓa a yankinmu Musulmi ne, maƙwabtanmu. Kamar yadda kuskuren ya haɗa kowa, gyaran ma ba zai tsaya a ƙofar majami'a ba.

Lahadin ƙarshe na Janairu ita ce Ranar Kuturta ta Duniya, wadda Raoul Follereau, Bafaranshe ɗan Katolika, ya kafa a 1954. Zumuntarmu za ta iya roƙon a miƙa Misa a ranar, ko a Lahadin Jinƙan Allah, domin waɗanda suka mutu a ware da waɗanda suka ware su.

Mu yi addu'a.

Ya Uba mai yawan jinƙai, kai da ka san abin da yake ɓoye ga jama'arka, ka ba da hutawa ga bayinka da suka ƙare kwanakinsu a bayan gari. Ka ji tausayin kakanninmu da suka yi tafiya cikin duhu. Ka warkar da masu ciwo, ka ɗauke musu kunya. Ka ba mu zuciyar da za ta fita ta sami Ɗanka inda yake, mu dawo tare da 'yan'uwanmu zuwa teburinka. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Waliyyi Damiyan na Molokai, ka yi addu'a dominmu.